Kuɗin gari daga aikin wuta da na mai: a hannun wa ya kamata a ajiye shi?

Da an fara kafa turakun babbar wayar wuta, ko an fara haƙa ramin bututu, maganar da ke cika gari ita ce diyya. Wanda turke ya faɗa gonarsa, wanda aka sare wa gawo, wanda aka ce ya janye rumbunsa daga ƙarƙashin waya, kowa na lissafin nasa. Amma akwai wani kuɗi da ba na mutum ɗaya ba: wanda mai aikin ke warewa domin garuruwan da aikin ya ratsa, a yi musu ruwa, aji, gidan likita ko jari. Rigimarsa ta fi daɗewa, don diyya ana biya a wuce, shi kuwa ana iya shekara goma ko ashirin ana taɓa shi.

Jihar Maraɗi ta san irin waɗannan ayyuka. Babbar waya mai ƙarfin kilobolt 132 da ta shigo daga Katsina ta Gazawa ita ta daɗe tana ba Maraɗi da Damagaram wuta. Bututun ɗanyen mai da ya taso daga Agadem zuwa bakin teku a Benin, kusan kilomita 2,000, ya ratsa jihar. Tun da Najeriya ta yanke wuta a watan Agusta na 2023, hankali ya ƙara komawa ga tashoshin hasken rana irin na Malbaza mai megawat 7 da na Gorubanda kusa da Yamai mai megawat 30. Irin wannan tasha tana cin fili, wajen hekta ɗaya da rabi zuwa biyu a kan kowane megawat, kuma a kudancin Maraɗi ba filin da ba shi da mai shi. Saboda haka garuruwa da yawa za su zauna da masu aiki a yi maganar kuɗin gari, kuma tambayar da za ta raba kan mutane ita ce wa zai riƙe.

Kuɗi uku ne, kada a zuba su tukunya ɗaya

Na farko diyya. Dokar karɓar fili domin amfanin jama'a, mai lamba 61-37 ta 1961 wadda aka yi wa gyara a 2008, ta sa ta haƙƙin wanda aka taɓa: mai gona, mai itace, har wanda ke noma gonar aro idan shukarsa ta lalace. Kwamitocin filaye na gari da na komin (ƙaramar hukuma), COFOB da COFOCOM, su ke tabbatar da wa ke da me. A yankin da sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona, ya cika gonaki da gawo da kalgo, ƙirgar itace kaɗai aiki ne na kwanaki. Duk wanda ya ce an gina wa gari aji a madadin diyyar masu gona, ya ɗauki haƙƙin mutum goma ya yi wa mutum dubu kyauta da shi.

Na biyu kason da doka ta yanka. Dokar man fetur ta Nijar ta ware kashi 15 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen da gwamnati ke karɓa domin ƙananan hukumomin yankin da ake aikin man. Wannan ta baitulmali yake bi, gari ba ya zaɓar inda za a ajiye shi. Abin da mutane ke iya yi shi ne su tambayi komin a rubuce ko tana cikin masu haƙƙi, nawa ya shigo, kuma a wane layi na kasafi aka rubuta shi.

Na uku shi ne wanda ake ciniki a kansa: kuɗin yarjejeniya tsakanin mai aiki da garuruwa. Tushensa yawanci yana cikin binciken illar aikin ga muhalli da jama'a, wanda hukumar BNEE ke dubawa ƙarƙashin dokar 2018. A cikin kundin akwai tsarin da ake kira PGES, mai jadawali: abin da za a yi, kuɗinsa, da wanda alhakin ke wuyansa. A nemi kwafi a sa mai karatu ya fassara a bainar jama'a. Alkawarin da ba ya cikin takarda mai sa hannu, «za mu duba» ne kawai.

Tun kafin a kai ga mai riƙo, a duba ma'aunin da za a lissafa kuɗin da shi. Kaso daga riba yana da daɗin ji, amma riba kamfani ne ke lissafa ta, kuma aikin da aka gina da bashi yana iya shekaru bai nuna ta ba. A Afirka ta Kudu, tsarin tashoshin rana da iska da aka fara a 2011 ya ba al'ummar da ke cikin kewayen kilomita 50 aƙalla kashi 2.5 na hannun jari, sai dai da yake da bashi aka saya musu hannun jarin, garuruwa da yawa sun daɗe suna jira kafin su ga kuɗi mai kauri. A Sukotlan kuwa shawarar da gwamnati ta bayar a 2014 ita ce fam 5,000 a shekara a kan kowane megawat, lissafin da ko ɗan makaranta zai iya yi. Ga garin da ba shi da akanta, ma'auni na biyu ya fi tsaro: kaza a kan megawat, ko kaza a kan kilomitar waya ko bututu, a ranar kaza ta kowace shekara.

Idan kamfani ya riƙe ya yi aikin da kansa

Wannan ita ce hanyar da masu aiki suka fi so, kuma tana da abin yabo. Tana da sauri. Injiniyoyi na nan, motocin haƙa da na daɓe hanya na nan, ba sai an jira zaman majalisa ba. A shekara ɗaya ko biyu na gini, ba wanda ya fi su iya zuba jar ƙasa a hanyar kasuwa ko haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse. Sau da yawa ma sukan haƙa foraj domin sansaninsu, kuma wannan ita ce riba mafi araha da gari zai samu, in an nema a rubuce tun da wuri cewa za a bar wa gari ita tare da takardunta: zurfinta, yawan ruwan da take bayarwa a awa, sakamakon gwajin ruwan, da irin famfon da ke ciki.

Aibinta biyu ne. Gari ba ya ganin farashi. An ce ajin ya ci miliyan kaza, ba wanda ya ga takardar ɗan kwangila, don haka ba a san ko kuɗin ya isa aji biyu ba. Na biyun ya fi muni: wanda ya gina ba shi ne mai aikin ba. Kamfanin da ke kafa turaku ɗan kwangila ne, yana gamawa zai naɗe tabarmarsa. Alkawarin da shugaban sansani ya yi a zauren maigari ba ya hawa kan wanda zai riƙe tashar shekara ashirin. Ga kuma kayan da akan kawo daga nesa, waɗanda ba mai gyaran da ya san su a Tasawa ko Gidan Rumji, ba kuma shagon da ke sayar da kayan gyaransu a kasuwar Maraɗi.

Idan an zuba a asusun komin

Mutane kan yi saurin ƙin wannan, amma a tsaya a duba abin da komin ke da shi wanda kwamitin gari ba shi da shi. Tun 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a fannin ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Komin ce ke da tsarin raya ƙasa, PDC, da jadawalin ayyukan shekara. Ita ce ke iya zama da sufeton makarantu da babban likitan gunduma a tabbatar cewa ajin da za a gina zai samu malami, gidan likitan zai samu ma'aikaci da magani. Ginin da aka yi ba da sanin waɗannan ba yakan ƙare rumbun ajiye kara. Sannan kuɗin komin yana da ƙa'idar da aka sani: shugaban komin ke ba da umurnin biya, ma'ajin komin ke biya, mutum ɗaya ba ya haɗa biyun, ana kuma kiran ƴan kwangila su yi takara.

Matsalar tana cikin wannan ƙa'idar ce kanta. Kuɗin da ya shiga hannun komin ya zama kuɗin hukuma, asusu ɗaya yake shiga da harajin kasuwa da sauran kuɗin shiga. A takarda an rubuta na garin kaza ne, amma ranar da ma'aikata ke bin albashin wata uku, ko aka ce manyan baƙi na tafe, ma'aji abin da ke cikin asusu zai taɓa. Ba lalle sata ba ce, ara ne da niyyar mayarwa, sai dai foraj ba ta haƙuwa da niyya. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ƙari a kan haka, komin ta ƙunshi garuruwa da dama, waya kuwa ta ratsa shida ne kawai, kuma kowane gari na son a ga wani abu a wurinsa. Ga harajin TVA na kashi 19 da ke hawa farashin ɗan kwangila mai rajista. Ga kuma canjin hannu: a watan Afrilu na 2024 an rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, don haka yarjejeniyar da aka jingina da amanar mutum ɗaya ta tashi da tashinsa.

Misalin Chadi ya isa ishara. An yanka wa yankin da ake haƙo mai kashi 5 cikin ɗari, an kafa kwamitin sa ido, amma kukan da ya fi fitowa shi ne manyan gine-gine sun taru a birnin Doba, ƙauyukan da ke bakin rijiyoyin man na kallo. Bankin Duniya ya janye daga tsarin a 2008.

In dole ta komin za a bi, a rubuta sunayen garuruwan a cikin yarjejeniya, a sa aikin a jadawalin shekara da sunansa da kuɗinsa, kuma mai aiki ya riƙa sakin kuɗin kashi-kashi: ba a sakin na biyu sai wakilan gari sun sa hannu cewa sun ga aikin na farko da idonsu.

Idan kwamitin gari ya riƙe

Nan ne zuciyar mutane ta fi karkata, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma Maraɗi na da abin tinƙaho a wannan fanni: a jihar nan aka fara Mata Masu Dubara a 1991, tsarin ajiya da bashi na ƙungiyoyin mata da daga baya ya bazu ƙasashe da yawa. Sirrinsa ba ɓoyayye ba ne. Ana buɗe asusu a gaban kowa, ana ƙirga kuɗi da ƙarfi, mai akwati daban, masu makulli daban. Sai dai abin da ya yi aiki ga mata talatin da suka san juna, masu zuba kuɗin guminsu kowane mako, ba ya aiki kai tsaye ga sefa miliyan goma da suka faɗo daga sama. Kuɗin da ba wanda ya zuba, ba wanda ke jin zafin ɓatansa.

Abu na farko, kwamiti ba ya buɗe asusun banki da sunan gari sai yana da rajista. Hanya biyu ce a buɗe. Ƙungiya ƙarƙashin dokar 84-06 ta 1984, wadda sai an kai tsarin mulkinta da sunayen shugabanni an jira izinin hukuma, kuma jiran yakan yi tsawo, don haka a fara tun ana awon fili. Ko kuwa ƙungiyar haɗin gwiwa ƙarƙashin dokar OHADA ta 2010 (dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka), wadda mutum biyar ke iya kafa ƙaramarta. Ta biyun ta fi sauƙin kafawa, amma an yi ta ne domin amfanin membobinta. Ta dace da injin niƙa ko matsar man gyaɗa, ba ta dace da riƙon kuɗin gari duka ba, don gobe membobi za su iya cewa nasu ne, kuma takarda na bayansu. Mafi haɗari shi ne a ce kafin rajista ta fito a ajiye a asusun wani Alhaji mai amana. Ko bai ci ko dala ba, ran da Allah ya yi masa rasuwa kuɗin ya shiga lissafin gado.

Abu na biyu, sa hannu. Mutum uku daga gida uku da ba surukai ba, biyu dole su sa hannu kafin a cire kuɗi, ɗaya daga cikin ukun mace. Maigari da liman kada su shiga cikin masu sa hannu. Ba don rashin amana ba, sai don idan rigima ta taso wajensu za a kai ƙara, kuma alƙali ba ya shari'ar da shi ne ake tuhuma. A nemi banki ya riƙa aika saƙon duk wani cire kuɗi zuwa wayar mutum uku, ɗaya daga cikinsu ba ɗan kwamiti ba. Kada a cire kuɗi sai da takardar taron da ya amince. Kuɗin hannu a akwati kada ya wuce jika hamsin, wato sefa dubu hamsin. Wa'adi shekara uku, amma a riƙa canza kashi ɗaya cikin uku kowace shekara, don kada a wayi gari duk waɗanda suka san inda takardu suke sun sauka rana ɗaya. Babban kuɗi kuma banki ake kai shi. Ƙananan asusun ajiya na da amfani ga jarin mata, amma lamunin da ake ba mai ajiya idan asusu ya durƙushe yana da iyaka, kuma iyakar ba ta kai ko kusa da miliyoyin da ake magana ba.

Abu na uku, karatun lissafi. Ba littafin magatakarda ake karantawa ba, takardar da banki ya buga ake karantawa, kowane wata uku, ranar da ba ta kasuwa ba, a lokacin da mata suka gama aikin gida. Ana gane taro mai rai da irin tambayar da ke fitowa. Magatakarda ya karanta cewa an cire jika ɗari uku domin siminti, sai wata dattijuwa daga bayan tabarma ta ce, «Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri, buhu nawa ke nan? Ni dai amalanke biyu na ga an sauke bakin makaranta.» Maigari ya juya ya ce, «Malam, kawo rasit ɗin a nuna wa Inna.» Idan rasit ya fito, taron gaba mutane za su ƙaru. Idan aka ce yana gida, an fara ke nan.

Ba sata ce ta fi kashe asusun kwamiti ba. Bashi ne da hidima. Wani babba ya ara zai mayar bayan an sayar da aya, ba mai iya tambayarsa. An yanka rago an tarbi baƙi, an yi gudummawar biki, an sayi man babur. Sai kuma watan Yuni da Yuli, rumbuna sun yi ƙasa, a taso da murya ɗaya a ce a raba kuɗin gida-gida. Ba wanda zai iya cewa a'a ga mai jin yunwa, shi ya sa ake yanke maganar tun da kaka: ba a ba mutum ɗaya bashi daga babban asusu ko wane ne, an kuma ware wani kaso na bankin cimaka, a sayi hatsi lokacin girbi a sayar da tiya-tiya da sauƙi idan damina ta kama. Sannan a tuna da waɗanda ba sa zama cikin gari. A Dakwaro da Barmo, da duk inda shingen tasha ya toshe burtali ko mashaya, makiyaya ne suka fi asara, amma su ake mantawa da su ranar kafa kwamiti. Ardo ko wakilinsa ya samu kujera tun farko.

Iyakar kwamitin gari ita ce ba ya iya duba aikin injiniya. Zai gane bulo marar siminti, ba zai gane famfon da aka sa ya fi ƙarfin foraj ba. Don haka ko shi ke riƙe da kuɗi, a biya ma'aikacin ruwa ko na gine-gine na gunduma kuɗin zirga-zirga ya zo ya duba kafin kowane biya. Kuɗin somin aiki kada ya wuce kashi 30, a kuma riƙe kashi 5 har shekara ta zagayo a ga ginin ya ci damina ɗaya.

Idan an kafa gidauniya ta haɗin gwiwa

Wannan ita ce hanyar manyan ayyuka: hukuma mai zaman kanta, da majalisar da ta haɗa wakilan garuruwa, komin da mai aiki, da ma'aikata masu albashi da mai binciken lissafi daga waje. Najeriya ta mai da shi doka a 2021: kamfanin da ke haƙo mai zai zuba kashi 3 cikin ɗari na abin da ya kashe wajen gudanar da aiki a shekarar da ta gabata, a raba shi kashi 75 na ayyuka, 20 na ajiya, 5 na gudanarwa. Rabon abin koyi ne. Abubuwa biyu kuwa a yi hattara da su: kamfani ne ke da babban hannu wajen naɗa amintattu, kuma idan aka fasa bututu ana cire kuɗin gyara daga kason al'umma. Sharaɗi na biyun yana sa gari duka ya biya laifin da ba a tabbatar ɗan garin ne ya yi ba. Duk garin da aka kawo wa irinsa ya nemi a ce sai kotu ta tabbatar.

Gidauniya tana da tsada, kuma nan lissafi ke yanke hukunci. A ɗauka shugaba, akanta, hayar ofis, babur da binciken shekara sun ci miliyan 8. Idan asusun miliyan 100 ne a shekara, kashi 8 ke nan, an yi arha. Idan miliyan 24 ne, sulusi ya tafi kafin a aza bulo ɗaya.

To wace za a ɗauka?

Tambaya uku ke nuna hanya: nawa ne, shekara nawa zai yi yana zuwa, gari nawa ke ciki. Kuɗi na sau ɗaya a lokacin gini, a bar kamfani ya yi aikin, amma gari ya zaɓi abin da za a yi, ya ga farashi, ya karɓi takardu. Ƴan miliyoyi kaɗan a shekara ga gari ɗaya ko biyu, ƙungiya mai rajista ta isa. Kuɗi mai yawa da ya ratsa komin da dama na tsawon shekaru, gidauniya. Komin ita kaɗai ba mu ba da shawararta ba sai inda doka ta tilasta.

Yawancin garuruwan jihar nan a tsakiya za su faɗo, kuma a ganinmu abin da ya fi musu shi ne a raba makullin. Kuɗin ya zauna a asusu na musamman da sunan ƙungiyar garuruwan, kada ya shiga asusun komin. Komin ta sa aikin a tsarinta, ma'aikatanta su taimaka da kiran ƴan kwangila da duba aiki, ginin ya zama nata ranar da aka karɓe shi. Ba a biyan ɗan kwangila sai da hannun ƙungiya da shaidar mai duba aiki. Mai aiki kuma ba ya zuba na baɗi sai ya ga lissafin bana.

A ɗauki misali: gari shida, miliyan 24 a shekara, shekara goma. Kashi 65 na sabon aiki, miliyan 15.6. Kashi 20 na gyara da ajiya, miliyan 4.8. Kashi 10 na bankin cimaka da jarin ƙungiyoyin mata da matasa, miliyan 2.4. Kashi 5 na gudanarwa, miliyan 1.2, wato jika ɗari a wata, wanda bai wuce ladan mai rubuta lissafi da kuɗin mota ba. Idan aka raba miliyan 15.6 gida shida, kowa zai tashi da 2.6, abin da ba ya yin foraj da shato, wato tankin ruwa. Gara a yi shi kamar adashe: gari biyu su kwashe kowace shekara, miliyan 7.8 kowanne, cikin shekara uku an zagaye. Garin da ya fi rasa fili ya fara, sauran a jefa ƙuri'a a gaban kowa rana ɗaya, a rubuta jerin har ƙarshe.

Kason gyara shi ne wanda kowa zai so a rage, kuma shi ne bai kamata a taɓa ba. A shiga ƙaramin gidan likitan da aka sa wa sola shekara uku da suka wuce: fanon, wato allon solar, na nan kan rufi, ƙurar hunturu ta rufe shi, firijin rigakafi ya zama wurin ajiye takardu, batura biyu sun kumbura a ƙarƙashin tebur. Fano yana iya shekara ashirin ko fiye. Batirin dalma kuwa an auna rayuwarsa ne a zafin digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri goma yana rage ta kusan rabi, ga shi a watan Afrilu da Mayu Maraɗi na haura 40, ɗakin kwano ya fi haka. Saboda haka tun ranar sayen sola ake rubuta shekarar canza batir da kuɗinsa, a ajiye shi a ɗaki mai iska, a kuma sa wani ya riƙa goge fano. Famfon ruwa mai sola ya fi sauƙi tunda shato ne ke ajiye ruwa a madadin batir, amma kuɗin bido (jarka) da ake karɓa a bakin famfo na ƙananan gyare-gyare ne da ladan mai tsaro, da wuya ya sayi sabon famfo ko akwatin da ke sarrafa wutarsa idan ya ƙone. Kuɗin ajiyar zai zauna shekaru a banki, don haka maganar kuɗin ruwan da banki ke ɗorawa a kan ajiya za ta taso. A kai ta gaban malamai tun farko, akwai kuma bankin Musulunci a ƙasar ga masu son kauce mata.

Saura layi uku da akan manta a yarjejeniya. Adadin ya riƙa ƙaruwa bayan kowace shekara uku ko biyar, don miliyan 24 na bana ba zai sayi simintin da yake saya ba nan da shekara goma. Idan aka sayar da tashar ko aka miƙa ta ga wani, alkawarin ya bi ta zuwa hannun sabon mai ita. Kuma a buga yarjejeniyar da Faransanci da Hausa, kwafi huɗu masu sa hannu: ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya a komin, ɗaya a ofishin prefe, wato shugaban gunduma, ɗaya wurin sarkin yankin.